Yadda ake tsara gidan iyali mai kyau da sauƙin kuɗi, wanda cikinsa ke haɗe da tsakar gida

Gidan da falonsa ke buɗewa kai tsaye zuwa baranda, baranda kuma ta sauka cikin tsakar gida, yana yi wa mazaunansa faɗi fiye da ainihin girmansa. Dalili shi ne baranda ba ta cin bango huɗu, ba ta cin tagogi, amma ana zama a cikinta kamar kowane ɗaki. Saboda haka a wannan tsari waje ake fara zanawa, ɗakuna su biyo baya. Yawancin masu fara gini suna yin akasin haka: sai sun cika fili da ɗakuna sannan su waiwayi ɗan lungun da ya rage su ce nan ne wajen shan iska.

Kayan da za ka tanada

Tef na awo mai tsawon mita 30 ko 50, da ƙarami na mita 5. Takarda mai ƙananan gidaje irin ta lissafi, da takarda shara-shara wadda ake ganin zanen ƙasa ta cikinta, da fensir da abin gogewa da rula. Kamfas don gane arewa, na cikin waya ma ya wadatar. Turaku kamar ashirin, igiya, da farin toka ko garin farar ƙasa na shata layi. Siririn tiyo mai haske na mita 10 don auna tudu da gangare. Sai takardun filin da safiyo ya fitar, da ƙa'idojin hukumar tsara gine-gine ta inda filin yake, musamman tazarar da ta wajaba a bari tsakanin gini da iyaka. Idan ba ka da takarda mai gidaje, ja layuka da kanka, santimita ɗaya-ɗaya. Duk zanen da za ka yi, santimita 1 a takarda tana matsayin mita 1 a ƙasa.

Zanen da za ka fitar da hannunka ba shi ne za a bai wa birkila ba. Shi ne za ka kai wa mai zanen gine-gine da injiniya, su mayar da shi zanen aiki, su lissafa rodi da ginshiƙai, su nemo izinin hukuma. Amfaninsa ka je musu da abin da ka riga ka sani kana so.

1. Ka san filin kafin ka taɓa fensir

Je filin sau uku a rana guda: da hantsi, da tsakar rana, da kuma yamma wajen ƙarfe huɗu zuwa biyar. Kafa sanda mai mita 2 a tsakiya, ka riƙa shata inda inuwarta ta faɗi. Rubuta ta ina iska ta saba zuwa, ina hayaniyar titi take, wane gini na maƙwabta ne tagarsa ke leƙen filin, wace bishiya ce ta isa a bar ta. In da hali ka koma bayan ruwan sama mai ƙarfi ka ga inda ruwa ke kwanciya.

Gangare kuwa da tiyo ake gane shi. Cika shi da ruwa, ka tabbatar babu kumfar iska a ciki, mutum biyu su riƙe bakunansa a jikin turaku biyu. Ruwan zai tsaya daidai wa daida a ɓangarorin biyu. Auna daga kan ruwan zuwa ƙasa a kowane turke, bambancin da ka samu shi ne gangaren. Filin da ya sauka santimita 50 daga gaba zuwa baya yakan yi kama da shimfiɗaɗɗe a ido, sai an zo cikon ƙasa kuɗi su nuna ba haka ba ne.

Daga nan zana iyakar filin, ka ja layin tazarar da doka ta ce a bari, ka sa kibiyar arewa.

2. Yanke kuɗi, sannan ka yanke girma

Tambayi magina biyu ko uku da suka gama gida kwanan nan abin da murabba'in mita ɗaya ya ci, daga tushe har fenti. Daga kuɗin da kake da su ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ko-ta-kwana, ka cire na zane da izini da katanga da ruwa da wuta, ragowar ka raba da farashin murabba'in mita. Abin da ya fito shi ne girman gidanka, ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba.

Ga misalin gida mai ɗakin kwana uku, a murabba'in mita: falo da wajen cin abinci 30, kicin 10, sito 3, babban ɗaki 14 da banɗakinsa 4, ɗakunan yara biyu 11 kowanne, banɗaki na biyu 4, korido 6. Jimla 93. Kaurin bango zai ƙara kusan kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari, sai ya kama wajen 105. Baranda mai mita 3 da 6 ta zo da 18 a kai. Wannan gida ya ishi iyali, kuma falon mai 30 ba zai yi ƙunci ba tunda yana zubewa cikin baranda. Idan kuɗi ba su kai ba, rage ɗaki ɗaya ka bar masa gurbi a zane don gaba. Kada ka matse barandar, ita ce ke riƙe da tsarin duka.

3. Zana waje tukuna

Zaɓi wuri mafi daɗin zama a filin, mai inuwa da yamma, mai samun iska, wanda idon mai wucewa ba ya kai wa. Nan ne tsakar gida. Ba ta buƙatar girma sosai, mita 5 da 6 ma ya isa, in dai a dunƙule take. Fili mai faɗin mita 2 da ya zagaye gida gaba ɗaya zai iya fin wannan yawa a lissafi, amma ba wanda zai ajiye kujera a ciki. Don haka a tura ginin zuwa gefe ɗaya har iyakar abin da doka ta yarda, a tara sauran filin wuri guda.

Tsakanin tsakar gida da falo sai baranda mai rufi. Zurfinta shi ne wajen da aka fi yin kuskure. Mai mita 1.2 hanya ce kawai: da ka ajiye kujera ka tare ta, feshin ruwan sama kuma zai jiƙa ta har bango. Mita 2.4 ne mafi ƙaranci idan za a zauna a yi hira. Idan za a sa teburin cin abinci, mita 3, domin tebur na cin kusan santimita 90, kuma kowane gefe na neman wasu 90 don a ja kujera a wuce. Fiye da mita 3.6 kuma sai ta fara duhunta falon da ke bayanta, sai dai in falon yana da taga ta wani gefen.

4. Juya gidan yadda rana ba za ta cuce shi ba

Ranar tsaka tana sama, rufi na tare ta cikin sauƙi. Ranar gabas da ta yamma suna ƙasa-ƙasa, suna shigowa ta taga kai tsaye, ta yamma kuma tana zuwa ne lokacin da bango ya riga ya sha zafi. Lissafin a fili yake: idan bakin rufi ya fito santimita 60, rana kuma tana sama da digiri 70, inuwa za ta sauko bango har santimita 165. Idan ranar ta karkata zuwa digiri 30, inuwar ba za ta wuce santimita 35 ba. Shi ya sa ake miƙa tsawon gida daga gabas zuwa yamma, manyan ƙofofi da tagogi su kalli arewa ko kudu, gajerun bangaye su fuskanci gabas da yamma.

Wanne daga cikin biyun? A ƙasashe masu sanyi na arewacin duniya ana son falo ya kalli kudu don ya samu ranar hunturu, a kudancin duniya kuma arewa. A yankunan zafi da ke kusa da tsakiyar duniya rana na bi ta arewa wasu watanni, ta kudu wasu, don haka ɓangarorin biyu duk suna son bakin rufi na santimita 60 zuwa 90.

Idan fili ya tilasta maka fuskantar yamma, ba a rasa dabara ba. Sa sito da banɗaki da matakala a bangon yamma su sha zafin. Barandar da ta kalli yamma kuma a yi mata katanga mai huda-huda, ko sandunan katako a tsaye, ko a ɗora tsiro mai yaɗo a kan waya. Abin da ke tsaye ne ke tare ranar yamma.

5. Jera ɗakuna cikin siffa mai sauƙi

A nan ne kuɗi ke tsira ko su zube. Gida mai murabba'in mita 100 idan ya zama mita 10 da 10, zagayen bangonsa mita 40 ne. Idan ya zama 5 da 20, mita 50. Idan siffar L ce, wato 12 da 10 aka yanke kusurwa mai 4 da 5, mita 44. Kowace ƙarin mita tana nufin haƙa, kankare, bulo, shafe da fenti. Kowace kusurwa kuma tana jawo ginshiƙi da karyewar rufi. A ganina siffar L ta cancanci ƙarin mita huɗun nan, domin hannayenta biyu suna rungume tsakar gida, su kare ta daga idon waje. Abin da ya wuce kusurwa shida ado ne da za ka biya sau biyu, ran gini da ran gyara.

Ɗora takarda shara-shara a kan zanen filin, ka fara da da'irori maimakon ɗakuna: falo, kicin, kwana, wanka. Falo da wajen cin abinci su jingina da baranda. Kicin ya samu ƙofa ko babbar taga mai kantar miƙa abinci zuwa barandar, don mai girki ya riƙa ganin yara suna wasa, kuma kada a ratsa falo da kwanuka. Ɗakunan kwana su koma ɗaya hannun. Kicin da banɗakuna su haɗa bango ko su yi kusa, bututu ya gajarta, ramin ba-haya ya zo gefe guda, nesa da wajen zama.

Ka gwada abu ɗaya: ja layi daga ƙofar shiga zuwa tsakar gida. Wanda ya shigo ya kamata idonsa ya sauka a kan haske da kore tun daga bakin ƙofa. Sannan ja layin tafiya daga kicin zuwa baranda, da daga ɗakunan yara zuwa waje. Idan wani layi ya ratsa tsakiyar kujerun falo, matsa ƙofar zuwa gefe. Korido faɗin mita 1 zuwa 1.2 ya isa, kuma gwargwadon gajartarsa gwargwadon ribarka.

Awon ɗakuna ya bi awon kaya. Falanken silin da katakon fale-fale galibi mita 1.22 da 2.44 ne, tayil da yawa santimita 60 da 60. Ɗaki mai faɗin mita 3, ko 3.6, ko 4.2 yana rage yanka da asara.

6. Babbar ƙofa ɗaya

Ba a bukatar bangon gilashi ko'ina. Buɗi ɗaya mai faɗi tsakanin falo da baranda ya isa, sauran tagogi su zama na awon kasuwa, iri biyu ko uku kacal a gidan duka.

Ƙofa mai zamewa ta alminiyom, faɗin mita 2.4, tsayi 2.1, ita ce ta fi daidaita kuɗi da amfani, sai dai rabinta kawai ke buɗewa, wato mita 1.2. Mai ganye uku a kan layi uku tana buɗe kashi biyu cikin uku. Mai naɗewa tana buɗe duka, amma ta fi tsada, kuma hinjinta da tayoyinta ba sa jure ƙura da wasan yara. Idan kuɗi sun yi kaɗan, a jera ƙofofi masu ganye biyu har guda biyu, kowacce mita 1.5, da ginshiƙi a tsakani. Kowane kafinta ko mai walda zai iya yin su, a buɗe su duka kuma falo ya zama ɗaya da baranda.

Gargaɗi uku. Buɗin da ya kai mita 2.4 zuwa sama, injiniya ne zai faɗi kaurin linta, wato kankaren da ke ɗauke da nauyin bango a saman ƙofa, da yawan rodinta. Linta mai rauni tana lanƙwasa kaɗan a tsakiya, ta danne firam, ƙofa ta daina zamewa, shafe ya tsage daga kusurwa. Na biyu, gilashin ƙofa ya zama irin wanda aka gasa, mai farfashewa ƙanana kamar tsakuwa, ko mai leda a tsakiya, kuma a liƙa masa wata alama a daidai idon yaro. Na uku, ragar sauro da ƙarfen tsaro a tsara su tare da firam tun farko. Wanda aka liƙa daga baya yakan kashe kyan ƙofar, wani lokaci ma ya hana ta buɗewa.

7. Iska da haske

Iska ba ta shiga ɗakin da ba ta da mafita. Kowane ɗakin zama ya samu buɗi a bango biyu, in sun fuskanci juna ya fi. Ɗaki mai taga gefe ɗaya iska na wadatar da shi har zurfin ninki biyu zuwa biyu da rabi na tsayin silin, mai taga gefe biyu kuma har ninki biyar. Da silin mai mita 3, wato kusan mita 6 zuwa 7.5 ke nan a na farko, 15 a na biyu. Ƙa'idojin gini da dama suna neman girman taga ya kai kashi 10 cikin ɗari na daɓen ɗaki, ɓangaren da ke buɗewa kuma kashi 5. Iska mai zafi sama take hawa, don haka ƙaramar taga a saman ƙofa ko kusa da silin tana aiki ko da an rufe komai da dare.

8. Daɓe, dokin ƙofa da ruwa

Abin da ke sa ciki da waje su zama kamar wuri ɗaya shi ne ƙafa ta wuce ba ta yi tuntuɓe ba, ido kuma ya ga launi ɗaya. Yi amfani da tayil mai launi da girma ɗaya a falo da baranda, layukansu su miƙe su haɗu ta cikin ƙofa. Amma na baranda ya zama mai kaushi, wanda aka yi wa lambar hana santsi R11 ko makamancinsa. Tayil mai sheƙi da ruwa a kai ya karya mutane da yawa. Idan tayil ya yi tsada, daɓen siminti da aka goge ya yi santsi a ciki, aka ja masa tsintsiya a waje, yana ba da kamanni ɗaya. A yanka masa layi duk mita 3 don tsagewa ta bi ta nan.

Sai ruwa, wanda shi ne babban abokin gabar wannan tsari. Daɓen gida ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15. Baranda ta yi ƙasa da falo da santimita 2 zuwa 3 kawai, ta gangara waje da santimita 1 a kowace 60, wato santimita 5 a zurfin mita 3. Daga bakinta a sauka tsakar gida da mataki ɗaya ko biyu, tsayi santimita 15, faɗi 30 ko fiye. Ƙasar da ke jikin gini ta gangara nesa da shi, kusan santimita 15 a mita 3 na farko. Kafin mai tayil ya tafi, kwara bokitin ruwa a bakin ƙofa ka tsaya ka kalla. Idan ruwan ya yi jinkiri ko ya juyo ciki, a ɗaga tayil ɗin a ranar, tun siminti bai kama ba.

Tsakar gidan da gini ya kewaye tana buƙatar mafitar ruwa biyu, bututun santimita 10 da kuma wata kafa ta ko-ta-kwana a ƙasa da daɓen gida, saboda ganye na toshe ta farko. Ka tuna milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 120 zai zubo lita 3,000 a ruwa guda na milimita 25. Kada wannan ya sauka a tsakar gida. A sa indararo ya kai shi tanki ko magudana.

9. Rufi da ado

Rufi mai gangara ɗaya ko biyu, wanda ya zarce ya rufe baranda ba tare da karyewa ba, shi ne mafi arha kuma mafi ƙarancin yoyo. Duk kwarin da rufi biyu suka haɗu wajen taruwar ganye ne da ruwa. Siffar L na da kwari ɗaya, a faɗaɗa kwanonsa a kula da shi. Ƙarƙashin kwanon rufi a shimfiɗa abin tare zafi, har da na baranda, in ba haka ba da rana ba mai iya zama a wurin. Silin falo da na baranda in sun zo tsayi ɗaya da launi ɗaya, falon sai ya ƙara tsawo a ido.

Kyau ba ya son tarkace. Kaya uku sun isa a fuskar gida: shafe mai launi mai haske, katako ko bulo tsirara a bango ɗaya, da firam masu launi ɗaya. Saman ƙofofi da tagogi duk su tsaya a layi guda, mita 2.1 ko 2.4. Wannan ba ya cin ko sisi, amma shi ke bambanta gidan da aka tsara da wanda aka yi ta ƙari.

Wayar wuta da bututun ruwa na waje a binne su kafin a zuba daɓe: soket biyu masu murfi na IP44 (lambar da ke nuna suna jure feshin ruwa) ko sama, a bayan na'urar kare mutum daga jan wuta, mai yanke ta da kanta, ta miliamfa 30, wajen fanka a silin baranda, famfo ɗaya a tsakar gida. Fitila mai haske rawaya-rawaya, wadda aka yi wa lambar launin haske 2700 zuwa 3000K, iri ɗaya ciki da waje. A haska bishiya ko katangar ƙarshe, don da dare gilashi kada ya koma baƙin madubi.

Bishiyar inuwa ɗaya ta fi tukwanen fure ashirin. Babba a nisanta ta da tushen gini da bututu, mita 5 zuwa sama, a ƙasa mai laka kuma fiye da haka, domin saiwa na shanye ruwan laka ta sa ta motsa.

10. Shata shi a ƙasa kafin a haƙa

Koma filin da turaku da igiya da toka, ka shata gidan da ainihin girmansa. Don kusurwa ta miƙe, auna mita 3 a igiya ɗaya, 4 a ɗayar, tsakanin alamun biyu ya ba da 5 cif. Bar gurbin kowace ƙofa a buɗe. Kawo kujeru biyu da tebur ka ajiye a barandar da ƙarfe huɗu na yamma, ka zauna. Iyali su bi ta ƙofofin toka, daga kicin zuwa tebur, daga ɗakin yara zuwa banɗaki. Wanda ya tsallake layi don ya gajarta hanya ya nuna maka inda ƙofa ta kamata ta kasance. Share layin da ƙafa, ka sake ja, ka gyara a takarda, sannan ka kai wa mai zane da injiniya. Bayan an zuba kankaren tushe, a riƙa ba shi ruwa kwana 7 aƙalla, kuma daga ranar duk bangon da ka ce a matsa sai an fasa wani abu.